Rumfa ta Ashirin da Bakwai

Tun kafin assalatu muka bar Yauri,
kwando goma sha ɗaya a bayan akori-kura,
Arzika na tuƙi, yana tauna goro, yana tsine wa ramuka.
A Koko muka sha shayi a tsaye.
A Jega taya ta yi faci.
Sai da hantsi ya dubi ludayi muka shiga Birnin Kebbi.

A bakin ƙofa aka rataya mini kati a wuya:
Nomau Zamare, Mai Rarraba Kaya.
Shekara ashirin da biyu ana ce mini dillali,
yau an raɗa mini sabon suna,
ba rago, ba wanzami.

Rumfa ta ashirin da bakwai.
Dama da ni masu firij mai shan hasken rana,
hagu wani mai abincin tarwaɗa,
ƙwaya-ƙwaya kamar kashin awaki,
yana rantsuwa wata huɗu kifi zai kai cinyar ƙato.
Na shimfiɗa nawa: balli, kurungu, karfasa,
da giwan ruwa guda da na tanada don ido,
ba don ciniki ba.

Aka yi jawabi, aka tafa, aka sake wani.
Mai lasifika ya ce arzikinmu na kwance cikin ruwa.
Ni dai na san a kwance yake,
sai dai ba wanda ya tambayi nawa ake sayen man jirgi
kafin a je a tashe shi.

Bayan azahar na zaga miƙe ƙafa.
Can ƙurya, wani yaro mai kwat da ƙamshin turare
ya jera banda cikin leda mai sheƙi,
an zana jirgi a kai, da wani teku shuɗi.
Na ɗauki ɗaya, na juya.
Tsaga uku a bayan kai, sun karkata hagu.
Ko a mafarki na san wuƙar nan.
Ige ce, bahaguwa ce,
ita kaɗai ke yi wa kifi wannan zane a duk bakin Kwara,
kuma hayaƙin marke ne, har ta cikin leda na ji shi.
Ni na ɗora shi a mota sati uku da suka wuce,
dubu biyu, har da gyara.
Nan an manna masa dubu bakwai.

Na tuna idanun Ige, jajur kamar gauta,
da tarin da ke tashe ta cikin dare,
da yadda take kiran kogi da sunan kakarta.
Ba ta taɓa ganin teku ba.

Ban ce uffan ba.
Kasuwa ce, kuma ni ma ban taɓa gaya mata
nawa nake ci a kwando ba.
Sai na ce, samari, wa ke buga muku ledar nan?
Ya miƙo kati. Na zaro dubu bakwai na sayi kifina.

Da la'asar wata mai otal daga Gusau
ta nemi kwali arba'in duk wata,
da rasit, da awo, da rana tsayayya.
Na ce, Hajiya, kogi ba ya sa hannu a takarda.
Ta yi dariya, amma ta karɓi lambata.

Mun wuce Kalgo waya ta yi ƙara.
An gani? in ji Ige.
Na ce an gani.
To me suka ce?
Ledar na kan cinyata, tekun na walƙiya duk sa'ad da mota ta haska.
Na ce, sun ce a riƙa rubuta sunanki a jiki.

Arzika ya waigo ya dube ni,
ya tofar da goro ta taga,
ya ce akwai rami a gaba, in riƙe da kyau.