Minti Arba'in a Samaru

A ɗakin bayan ofishin lissafi, can Samaru,
inda fanka ke juyi kamar an tilasta mata,
kwamfuta ɗaya ce, launin toka,
mu huɗu muke bin layinta.

Shirina layi dubu uku ne da ɗoriya,
lissafin irin gyaɗa na gonar gwaji a Shika:
wane fili, buhu nawa, yaushe ruwa ya sauka.
In na gama gyara sai in danna, ta fara harhaɗawa,
faifai ya hau gurnani a raminsa
kamar injin niƙa da aka ba jiƙaƙƙiyar masara.

Minti arba'in.
Da agogon hannun Talatu nake ƙirga su.

Ƙarshenta ta ce: layi na ɗari tara da sha biyu,
ka manta waƙafi.
Waƙafi ɗaya tak!
In sa shi, in sake dannawa, in sake zama.
Wata ranar, saura minti biyu,
a ɗauke wuta, allon ya yi baƙi ƙirin,
in ga fuskata a ciki tana harara ta.

Dole ta sa muka koyi fita.
Gindin dalbejiya, teburin Iliya mai shayi,
rabin burodi, madara cokali biyu.
Talatu na ba ni labarin gidansu a Wusasa
da akuyar da ta cinye mata takardar jarrabawa.
Mu koma, na'ura ba ta ko kai rabi ba.

Malam Barau mai gyaran injuna ne ya leƙo kafaɗata.
Ya ce, "Mahaifina maɗinki ne a Ƙofar Kuyambana.
In aljihu ya yage,
ba ya warware riga tun daga wuya.
Kai kuwa kullum sabuwa kake ɗinkawa
saboda zare ɗaya."

Muka yanka shirin gida tara,
kowane yanki da sunansa.
Wanda aka taɓa kaɗai za a sake harhaɗawa.
Ya kwashe aikin daga faifai ya zuba a ƙwaƙwalwar injin,
ya goge tarkacen da nake kira ba na amfani da su,
yana tsaki, yana taunar goro.

Arba'in ya koma sha biyu.
Sha biyu ya koma uku.
Na yi ihu har masinja ya leƙo ta taga.

Sati biyu bayan haka Iliya ya tare ni a bakin titi:
"Lafiya? Ko shayina ne ya canza?"
Na rasa ta yadda zan faɗa masa.
Minti uku ba ya isar ruwa ya tafasa.
Talatu kuma kafin la'asar ta gama nata,
ta rufe faifanta a jaka, ta tari motar Kwangila.
Labarin akuyar ban ji ƙarshensa ba.

Jiya ɗiyar ƙanena ta nuna mini nata aikin.
Ta danna, kafin in gyara tabarau an gama.
Na ce madalla.
Sai na ga hannuna ya miƙe gefen tebur
yana neman kofi.