Tumfafiyar Dayton

A bayan gidanmu a Dayton
akwai 'yar ƙasa, faɗin tabarma biyu.
Na so in sa yakuwa,
ko ɗan tattasai da zai tuna mini da Gwarzo.
Sai Loretta, tsohuwar da muke katanga ɗaya,
ta miƙo tukunya uku ta saman shinge,
hannu duk taɓo, ta ce, dasa waɗannan.

Na karya ganye ɗaya. Farin nono ya tsattsafo.
Na yi dariya har na zauna:
ai 'yar'uwar tumfafiya ce!
Mai fitowa a juji ba gayyata,
wadda akuya ke wucewa ba ta ko waiwaya,
ita ake saya da dala a nan.

Na dasa dai, don kunyar maƙwabta.

Watan Agusta ganye ya fara ɓulewa.
Tsutsotsi masu rigar saƙi,
fari da baƙi da ruwan ɗorawa,
suna ci ba bismilla, ba godiya.
Jinin manoma ya motsa, na ɗauko maganin feshi.
Jidda ta riƙe mini zane: Mama, baƙinmu ne.

Na mayar da kwalbar. Ban ji daɗi ba.
Shekara arba'in babana na yaƙi da tsutsa a gonar wake,
ga 'yarsa tana yi mata girki.

Sai suka ɓace, kara ya rage tsirara.
Ƙarƙashin taga muka ga wani ɗan kore a rataye,
kamar ɗan kunne mai ɗigon zinariya.
Kwana goma sha ɗaya Jidda na gaishe shi kafin makaranta.

Wata Talata na dawo daga aikin dare a asibiti,
ƙafafuna kamar na aro,
na tarar malam ya buɗe littafi:
shafi biyu ruwan goro, an ja musu layi da tawada,
yana rufewa, yana buɗewa,
kamar mai tilawa da aya ta kufce masa.

Loretta ta ce Meksiko za shi kafin sanyi,
ƙasar da bai taɓa gani ba,
kakanninsa ne suka baro ta.
Na dubi Jidda, wadda ba ta taɓa taka Gwarzo ba.
Ban ce komai ba.

Bana na ƙara tukunya huɗu.
Yakuwar tana gefe a cikin bokiti,
tana jiran wuri.