Abin da Barde Ya Ɓoye a Baki

A Sheffield, hawa na uku, kusa da taga,
akwai akwatin gilashi mai ruwa da tsakuwa.
Kifaye shida a ciki, 'yan Tafkin Malawi,
dangin karfasa ne, in ji mai shago,
sai dai su ba a soya su, kallonsu ake yi.

Ni jikan masunta ne daga Yawuri.
Kakana in ya ciro kifi daga koma,
kafin ya jefa a kwando ya san mai ƙwai.
Ni kuwa ga ni, na ajiye bas, ban cire takalmi ba,
goshi manne da gilashi kamar mai duban wata,
na kasa ce wa 'yata Ladidi: ga namiji, ga mace.

Dorin mai shago ta ce, duba launi,
namiji ya fi ado, shuɗinsa har ƙyalli yake.
Duba fiffiken ƙasa, daf da wutsiya,
za ka ga ɗigo kamar an ɗiga gwaiduwa.
Tana ƙulle leda ta ƙara da cewa
wasu matan ma suna da ɗigon,
kuma namijin da aka fi ƙarfi yakan dushe,
ya ari rigar mata don a bar shi ya sarara.
To fa. Kama da wane ba wane ba ne.

Wai in gaskiya ake so, a kwantar da shi rigingine
a jiƙaƙƙen tafi, a haska tocila:
ƙofofi biyu ne a ƙarƙashin ciki,
in ɗaya ta fi faɗi, mace ce.
Sau ɗaya na gwada. Ya zille, ya watsa mini ruwa,
ya bar ni da kunyar wanda ya leƙa ɗakin da ba nasa ba.

Guda dai babu gardama a kansa:
ƙato, mafaɗaci, ɗigo uku reras,
ya kori kowa daga kogon dutse.
Ladidi ta raɗa masa Barde.

Sai ga shi a Disamba Barde ya daina ci.
A zuba abinci, ya matso, ya duba, ya juya.
Haɓarsa ta sauko, ciki ya lafe.
Kwana tara. Kwana goma sha huɗu.
Na canja ruwa, na gwada ɗumi, na wanke famfo,
shagon Dorin a rufe, an tafi Kirsimeti.
Ladidi ta ƙi barci.

Na kira Inna don gaisuwa, zancen ya suɓuce.
Ta ce, bakin a rufe?
Na ce, gam.
Yana motsa shi kamar mai taunar goro?
Na ce, haka.
Dariyarta ta taso tun daga bakin Kwara
ta cika mana falo:
Kai, Tanimu, ka ba da mu!
Ku ƙyale baiwar Allah, goyo take yi.

Ranar ashirin da ɗaya, bayan asuba,
gari baƙi ƙirin, ruwa na dukan taga,
Barde ta buɗe baki.
Ɗaya. Uku. Sha ɗaya na ƙirga,
kamar ƙwayar shinkafa da aka sa wa idanu.
Inuwata na faɗa wa gilashin
suka ruga, ta haɗa su, ta rufe.

Ladidi ta ce, Baba, mu sake mata suna?
Na ce, bar shi. Wa ya fi ta cancanta?

Na tsaya da gwangwanin abinci a hannu.
Na tuna shekarar da kogi ya hana,
Inna tana tura mana kwano, tana cewa ta ƙoshi,
mu kuwa muka yarda, muka side har gefe.

Bas ɗina na tashi ƙarfe tara saura.
Na kashe fitila don kada in firgita su,
na lallaɓa na ja ƙofa.