Gurbi na Biyar

Ƙarfe uku na dare a Innsbruck.
Dusar ƙanƙara ta toshe bakin titi,
tarago na ƙarshe ya wuce tun ɗazu.
Daga ni sai injin zuƙar iska
da ke minshari a ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Kilian, bari in ba ka labarin aikina,
tunda da ranka ba ka taɓa tsayawa ka ji ba.

Ƙwayar zarra in ta cika ba ta kamuwa.
Ka ɗana mata tarko, ta ratsa ta wuce
kamar ba da ita ake ba.
Sai an fizge mata ilektoron guda,
ɗaya tak cikin ashirin,
sannan ta zama ayon,
sannan lantarki ya san da zamanta,
ya kira, ta amsa.
Mai rashi ake iya riƙewa.
Farfesa Oberhauser bai faɗi haka a aji ba,
ni na gano, bara, bayan jana'izarka.

Tara nake kiwo yau, 'ya'yan kalsiyam,
a akwatin ƙarfe da bai fi tukunyar miya ba,
tsakanin wuƙaƙe huɗu masu ruwan zinariya.
Na huce su da hasken leza.
Kar ka yi dariya, haske na sanyaya abu
in ka san inda za ka saita shi.
Suka bar rawar jiki,
suka jeru a allon kwamfuta
kamar fitilun ƙauyenmu in an hango daga kan dutse.
Ba sa ga maciji da juna. Kowa na ture kowa,
da turin nan ne layin ke tsayuwa,
kamar ni da kai a bayan motar Baba,
gwiwar hannu a haƙarƙari har mu isa coci.

Na tashi zuba gahawa.
Ko minti biyu ban yi ba.
Na dawo, na biyar ya ɗauke.

Ɗaya, biyu, uku, huɗu,
duhu,
shida, bakwai, takwas, tara.

Na san dalili, akwai shi a littafi.
Mako biyu muka yi muna gasa akwatin nan
don ko numfashi kada ya saura a ciki,
amma ƙarfe na da rowa, yakan ɓoye 'yar iska.
Wata ƙwayar haidurojin ce ta fito yawo,
ta yi karo da shi, ta manne.
Yanzu leza na kiransa da tsohon suna,
shi kuwa ya daina waigowa.

Abin da ya zaunar da ni ba duhun ba ne.
Na huɗu bai matsa ba.
Na shida bai matsa ba.
Da ya fita daga tarkon, da tuni sun haɗe,
layi ya tsuke, takwas cif, babu tabo.
Amma ga gurbi nan, daidai faɗinsa,
wani abu da ido ba ya gani
yana ta ture maƙwabtansa.

Ran Lahadi na je Sellrain.
Mama ta jera faranti uku, ba huɗu ba,
ta yi ƙoƙari.
Sai dai kujerarka tana nan gefen murhu,
muka takure mu uku a sauran teburin,
Baba na kewaye ta in zai ɗauko gishiri.
Dutsen da ya zubo maka da farin bargonsa
yana leƙo mu ta taga, ko kunya babu.

Da Severin ne ke aikin dare
da ya zubar da layin duka, ya ɗebo sabo.
Minti goma ne. Ai duk ɗaya suke, in ji shi,
kuma lissafi na bayansa.

Gahawata ta huce.
A sama na ji motar share ƙanƙara
ta fara kankare hanyar jami'a.
Na jawo littafin aiki, na rubuta:
uku da minti goma sha bakwai,
takwas na haske.
Na ɗan riƙe biron.
Na ƙara: tara na nan.