Gindin Tiya

Daren Lahadi, wuta ta ɗauke a Maradi,
Tabita na karanta mini annabi Mika da cocila.
Da ta iso Baitalami, ɗan ƙaramin gari,
na ce, wannan kam ta cika, can aka haife shi,
shekara ɗari bakwai ba ta cinye maganar ba.

Ta juya shafi.
Bakin nan dai, shi ya tsine wa mudun zamba.

Tiyata na rataye a ƙusa.
Ni na doki gindinta da taɓarya
bara, da gero ya yi tsada.

Wanda ya kwana a komin dabbobi
zai komo da nasa ma'auni, ba a taya masa.
Gwauruwar nan ta Tibiri, nawa na rage mata?

Tun kafin zakara ya yi cara
ina ƙofar Tunau maƙeri, tiya a hammata.