Kwali na Bakwai

Yau na kwashe takarduna daga ofis.
Shekara talatin da ɗaya, kwali bakwai.
Masinja ya ce, "Farfesa Tasalla, na ƙarshen fa?"
Na ce bar shi, wannan da kaina zan ɗauka.

A Idi-Araba aka binne cibiyata,
katanga ɗaya tsakaninmu da asibitin koyarwa.
Baba yana ƙirga goro ƙwarya-ƙwarya,
ni ina leƙen masu farar riga ta kafar bulo.
Taku ɗari biyu ne zuwa ƙofar.
Shekara ashirin na yi kafin na isa.

Da mutum ɗaya na fara:
buɗe baki, ja numfashi, ina ke ciwo?
Har daminar da kwalara ta sauka Makoko,
muka shiga kwalekwale da ruwan gishiri da sukari.
Wata uwa ta miƙo mini Sewanu,
bai kai nauyin jakata ba.
Ya cika kafin mu kai gaɓa.
Tun ranar na rage tambayar ina ke ciwo,
na koma tambayar a ina kuke ɗibar ruwa.

Sai taro. Kai, taro!
Asuba a kan doguwar gada, mota ta ƙi motsi,
lagun a ƙasa tana hamma,
fayil a cinyata, na nufi Alausa
in roƙi famfo a gaban masu shan ruwan gora.
Suka ce babu kuɗi. Na dawo.
Suka ce sai baɗi. Na dawo.
An sauya kwamishina huɗu, ban sauya magana ba.
A bayan idona suka raɗa mini Mama Famfo.
Na ji, na amsa.

A shekara ta tara aka sa hannu.
Ba wanda ya rangaɗa guɗa.

Ɗalibaina, ga abin da allo bai ɗauka ba:
aikin nan idan ya yi kyau, ba a ganinsa.
Yaron da bai kwanta ba, ba ya zuwa godiya.
Yana can Oyingbo ya zama ƙato,
yana rigima da kwandasta a kan canji.
Na wuce shi ɗazu, ko wani kamarsa,
har da zagin direbana.
Na yi dariya ni kaɗai.

Kwalin na bakwai rajistar waccan damina ce,
ruwa ya taɓa gefenta, tawada ta zarce.
Alƙaluman na ba gwamnati tuntuni.
Sunayen, da su zan tafi gida.