Hannun Aro

Na sayo zare a Sabon Gari,
ɗauri uku, fari da ruwan ƙwai,
ina bayan ɗan acaɓa daf da gadar Kubanni
sai wata tifa ta ce hanyar tata ce.
Abin da na tuna kawai:
zarena na gangarawa kan kwalta, yana warwarewa.

A Shika likita ya ɗauko allura.
Allura fa, wadda ta ciyar da ni shekara ashirin da biyu!
Ya tsikari tafina. "Ka ji?"
Ya hau gwiwar hannu. "Nan fa?"
Na kalli rufin ɗaki.
Ya ce ƙashi lafiya lau, jijiyoyi ne suka tsinke
can inda wuya ke gaisawa da kafaɗa.
Na ce, "To, a ɗinke mana."
Ya yi wani murmushi da ban so ba.

Yanzu hannun dama na rataye a ƙyalle,
baƙon da ya ƙi tafiya, ya ƙi magana.
Da rana gawa, da dare garwashi.
Ƙuda ya sauka a kai ban sani ba,
amma ƙarfe biyun dare
wuta na ci a yatsun da ba sa motsi.

Kunya ta fi raɗaɗi.
Yaya zan miƙa wa dattijo hagu?
Wata biyu ina sulalewa daga masallaci
kafin a fara musafaha.

Masu dubiya sun zo.
Wani ya ce jifa ne, wani ya kawo kitsen damo,
wani ya ce, "Allah ya sa kaffara," yana neman takalminsa.
Barira ba ta ce komai ba.
Sai na ga tuwo na zuwa a gutsure,
loma-loma, da cokali a gefen hagu.
Rilwanu, ɗan shekara tara, ke ɗaure mini tazuge,
shi ke riƙe buta.
"Baba, tsaya mana!"
Da muryata yake faɗa, irin ta ranar da nake sa masa riga.

Yahuza kuwa ko sannu bai tsawaita ba.
Ya zaro rigar da na bari, aska takwas, biyar na gama,
ya baje a zaurena, ya ci gaba daga inda na tsaya.
Na ce, "Ɗinkinka ya yi gwari-gwari."
Ya ce, "To tashi ka karɓa."
Dariyar farko ke nan tun gadar Kubanni.
Kuɗin aikin, a ƙarƙashin tabarma na tsince su.

Duk Alhamis ɗakin gashi.
Sista Rifkatu 'yar Wusasa na lanƙwasa yatsuna ɗaya-ɗaya
kamar mai ƙirga kuɗin amana.
A bencin jira muna da yawa:
wani direba daga Giwa, wata mai ƙosai daga Soba,
kowa da nasa baƙon a rataye.
Direban ne ya koya mini ɓalle maɓalli da haƙori,
ya kuma ce kukan dare ba laifi ba ne, shi ma yana yi.

An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.
Nawa bai ruɓe ba, shiru ya yi.
Makon jiya wani abu ya motsa a damtse,
ɗan kaɗan, kamar rawar fatar ido.
Rifkatu ta ce kada in yi guɗa, kada kuma in fid da rai.

Juma'ar nan ban sulale ba.
Malam Dalhatu ya tare ni a ƙofa,
na ɓoye hagu a aljihu, ya zaro shi da kansa,
ya riƙe da hannu biyu, ya daɗe.

Da yamma na soke allura a matashi,
na lallaɓa zare da hagu, sau bakwai kafin ya shiga.
Rilwanu ya ja mini ƙyalle ya miƙe.
Ɗinkin farko ya karkace.
Yahuza ya leƙo, ya buɗe baki, ya rufe.
Ban warware ba.